Sunan Kakana a Littafin Fatake

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Zongo. Abu ɗaya ya kai ni: in ga sunan kakana da idona.

Ɗan kawuna da ke Djougou, wanda nake kira Yaya, yana da akwatin littattafan Hausa da direbobi ke kawo masa daga Nijar da Nijeriya. In na je sarin doya, mukan zauna a zaurensa bayan la'asar ya karanta mini. Akwai wani na tarihin fataken goro, mai koren bango. Yakan buɗe tsakiyarsa, ya aza yatsa, ya ce, "Ga kakanmu nan, madugu, ayari guda a bayansa." Na faɗa wa 'ya'yana. Babbar 'yata ta faɗa a lakwal, makarantar bokonsu.

Da na iya haɗa baƙi da wasali, na roƙi aron akwatin. Ya yi ta hanya-hanya, daga baya ya ba ni, amma ban da koren.

Na fara da tatsuniyoyi, saboda manyan baƙaƙensu. Sun yi mini daɗi, sai dai sun fi gajarta a takarda. Na soyayya ya gajiyar da ni. A bakin Yaya masoyan sun yi aure, a littafin rabuwa suka yi. Na ce ƙila tausayina ya ji. Waƙoƙi kuwa har yau ba sa shiga kaina sai na rera su. Na noma na fi so, yana magana kamar maƙwabci. A na kiwon lafiya ne gabana ya faɗi. Ciki huɗu na hana maiɗakina cin ƙwai, domin Yaya ya ce littafi ya hana. Littafin cewa ya yi ta ci.

Koren, matar Yaya ce ta miƙo mini ranar wani suna, ba ta san komai ba. Wata uku ina bin sa da yatsa a rumfata a kasuwar Arzèkè, tsakanin mai saye da mai saye. Labarin hanya da koguna da rashin ruwa ya kama ni ƙwarai. Na kai ƙarshe, na sake komawa farko. Kakana ba ya ciki.

Na shiga mota zuwa Djougou, na ajiye littafin a gabansa.

"Yaya, nuna mini wurin."

"Kai, mai doya, ka zama malam ke nan?"

"Nuna mini kawai."

Ya juya shafi biyu, ya rufe. "Ai kakanmu ya yi fatauci. Don ba su rubuta shi ba, laifina ne?"

"Amma ka aza yatsa."

"Kai ne fuskarka ke haske in na faɗa. Da me zan riƙe ka ka zauna?"

Da ya ce in zauna kawai, da na zauna. Na ɗauki hulata, ban jira shayi ba.

A gida na kira 'yata. Na ba ta littafin, na ce, "Abin da na faɗa miki ba ya ciki. Ki yafe mini." Ta kalli bangon littafin, sannan ta tambaye ni ko sai ta faɗa wa 'yan ajinsu.

Na ce mata i.