Inna Mai Hanci da matatar kunkurun Baba

Ƙarfe bakwai na safe, kafin likita ya iso, Inna ta riga ta jera bokitanta uku a ɗakin wanki da ke bayan asibitin dabbobi: na jiƙo, na ɗauraya, da na ɗaurayar ƙarshe. Ta ɗaure ɗankwali tamau, ta zura safar roba har gwiwar hannu, ta fara da kejin dabbobin da aka kwantar. Duk abin da ta wanke sai ta kai shi hanci ta shinshina kafin ta yarda ya bar ɗakin. Shi ya sa ma'aikata ke ce mata Inna Mai Hanci, sai ka ce su ba su da shi. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, ƙarshen watan nan za ta ajiye buroshi.

Ni dalilin kunkuru na san ta. Bayan mahaifina ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ba yadda ba mu yi ba ya riƙa takawa, ya ƙi. Sai ƙanwata ta kawo masa ɗan kunkurun ruwa a akwatin gilashi ta ajiye a falo. Baba ya raɗa masa suna Gaggawa. Kullum da safe sai ya dogara sanda daga ɗaki zuwa falo ya ba shi abinci da hannunsa, wai bai yarda da mu ba. Taku goma sha takwas ne, kuma su kaɗai ne tafiyar da yake yi.

Ana nan sai kunkuru ya kwanta ciwo, idanu suka kumbura, ƙoƙon baya ya yi laushi. Likita ya yi masa magani ya warke, muka mayar da shi gida, bayan mako uku ciwo ya dawo. Duk kwanakin da ya yi a asibiti Baba bai sauko daga gado ba. In an yi magana ya ce, "In je falo in ga wa? Ku?" Likita kuma ya gaya mini gaskiya, in ciwon ya dawo karo na uku da wuya dabbar ta tashi. Tsoro ya kama ni sosai, ba don kunkuru kaɗai ba.

Na fito ke nan Inna, da ke goge baranda, ta tare ni.

"Ɗana, gidan nasa fa, an wanke?"

"Fes, Inna. Gilashin har fuskarki za ki gani."

"Matatar ruwan fa?"

"Ai ita ke tace ruwan, me za a wanke a jikinta?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Allah Ya shirye ka. Gobe ka kawo mini ita, da tiyo, da duwatsun ciki, har kofin da kuke ɗiban ruwa da shi."

Da ta buɗe matatar sai da na ja da baya. Soson da ke ciki ya yi baƙi ƙirin, yana yauƙi. Nan ciwon yake kwance yana jiran mai shi ya dawo daga asibiti. Ta jefa soson a shara ba shawara, ta kwance injin gunduwa-gunduwa, ta jiƙa a ruwan da ta ɗiga wa bilic, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da awo, ta bi cikin tiyo da siririn buroshi. Da ta ji a wurin wanke-wanken kicin muke wanke kayan kunkurun, faɗan da na sha ko uwata ba ta taɓa yi mini irinsa ba. "Inda kuke wanke kofin tsoho? Ku ware masa bokitinsa da buroshinsa, a waje!"

Inda muka saɓa shi ne da na ce zan tafi da kayan ran nan, don Baba na kwance. Ta ɗaga murfin ta shinshina ta ce, "Da saura." Ta sake ɗaurayewa, ta shinshina, ta ce, "Da saura. In ka mayar da warin nan, abin da ciwo ya bari maganina zai ƙarasa." Ta ce sai sun sha iska kwana uku. Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuci mai shara ta mai da kanta likita. Yau ina jin kunyar wannan tunani.

Ranar hutunta ta zo gidanmu da kanta ta haɗa matatar, ta koya mana rage ruwa muna ƙara sabo har sabon soso ya kama aiki. Likita ya ce mini rabin dabbobin da ake yaba masa sun warke, ita ta hana su dawowa.

Inna, ke ce mai ganin dattin da ke ɓuya. Ke ce kika tsaya a kan kwana uku alhali ina hura hanci. Sunanki ba ya kan katin asibiti, amma wata goma sha ɗaya ke nan ciwo bai dawo ba, Baba kuma yanzu har ƙofar gida yake kaiwa.

Da ya ji za ki huta, ya ce a kai shi. Ya ƙi keken guragu, ya taka daga bakin ƙofar asibiti har ɗakin wanki, yana haki, ya ce, "Baiwar Allah, na zo da ƙafata in ce na gode." Kika goge ido da gefen ɗankwali.

Mun gode, Inna, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da aka damƙa wa wanki, ku buɗe abin da ba a dubawa ku wanke. Sauranmu, in mun gama yi wa likita godiya, mu zagaya baya mu gai da mai bokiti.