Kwalin Ashanar Remigia

A kwarinmu babu wanda bai san binchuka ba, ƙwaron nan da ke ɓuya a tsagar bango ya fito ya sha jinin mai barci. Kakanninmu cewa suke alamar arziki ce, tunda gidan da ke da kaji da ɓeran masar shi take bi. Da wannan maganar Fortunata Choquevillca ta girma, har ranar da mijinta Hilarion ya faɗi a gonar masara bai ƙara tashi ba. Shekararsa arba'in da ɗaya. Likita ya ce zuciyarsa ce ta kumbura, cutar binchuka ta daɗe tana cinsa.

Tun daga nan ta zama mai duba mana ƙwari. Ma'aikatan lafiya suka ba ta kati mai hotuna, mu kuma muna kai mata abin da muka kama a kwalin ashana. Sai ta kifa ƙwaron da tsinke ta dubi bakinsa. Mai lanƙwasa kamar lauje, ƙwari 'yan'uwansa yake ci. Mai dogon baki, ruwan ganye yake sha. Gajere miƙaƙƙe, wannan ne makashin, sai ta aika a zo a yi feshi. Maƙwabciyata ce, kuma gaskiya akwai ta da ji da kai.

"Komadre ƙawata, wannan ai ya fi mijinki rashin lahani," in ji ta ranar da na kai mata nawa. "Mai da shi gona ya yi miki aiki."

Wata safiya 'yarta Remigia ta zo da kwali. A bayan gadon jaririyarta Nilda ta samo abin: ɗan ƙarami, duk ƙura, babu fuka-fuki. Fortunata tana tsakiyar ɓarar masara. Ta leƙa kawai.

"Ke dai da tsoro. Kin taɓa ganin binchuka ba fiffike? Dubi katin mana."

Ba ta kifa shi ba.

Shekara shida bayan haka aka turo sabuwar ma'aikaciya, ta zo da sabon kati. A ƙasan hoton babbar binchuka an jera 'ya'yanta, ƙanana, babu fuka-fuki, bakinsu miƙaƙƙe. Ina wurin. Fortunata ta zauna a ƙasa. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Ita da kanta ta ɗauki Nilda da uwarta a motar dankali zuwa asibitin gari. Jinin duka biyun ya nuna cutar. Aka ce yarinya za ta sha magani wata biyu, ana sa ran ta warke. Game da Remigia kuwa likita ya tsaya kame-kame, zuciyarta ta riga ta fara tsallen bugu.

"Dokta, a ɗebi tawa a sa mata," in ji Fortunata. "Ni na gama amfani da ita."

Remigia ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Yanzu Fortunata ko tururuwa aka kai mata sai ta kifa ta, ta duba sau uku. Ta rame, katin nan ba ya barin aljihun zanenta.

Ranar Asabar muna zaune a ƙofar gidanta, sai ga Remigia da kwalin ashana a hannu, tana tafe tana hutawa. Fortunata ta miƙe, har ta zaro tsinkenta. Remigia ta gaishe mu da ladabi, ta wuce, ta kama hanyar ƙauyen gaba inda wata mai dubawar take.