Kalmomin da Kakana Ya Tara a Bab Makka

Duk sanda na ji ƙamshin sabuwar darduma sai na tuna rumfar kakana a kasuwar Bab Makka ta Jidda, inda yake sayar wa alhazai darduma da carbi. A ƙasa ya tako daga Najeriya yana saurayi, ya sauke farali, bai koma ba.

Tsohon yana da wata ɗabi'a da take ba ni kunya. Baƙo ba ya barin rumfarsa sai ya tsare shi da tambaya: yaya ake cewa uwa a yarenku? Ɗan'uwa fa? Haƙori fa? Sai ya rubuta da ajami a wani littafi da duk ya sha maiƙo. Mutanen Iran suka ce masa madar da baradar. Wani likita ɗan Najeriya ya ba shi na Turanci, ya ji kusan abu ɗaya ne. Haƙori kuwa dandan ne a Farisanci, dant a bakin 'yan Pakistan, wani ɗan Nijar ya ce da Faransanci ma haka yake farawa.

"Kin gani, amarya?" Haka yake tsokanata. "Yarukan nan uwarsu ɗaya. Sun watse tun ba a san takarda ba, amma kamannin na nan. Ku kuwa a gaban idona kuke zubar da namu."

Da ni yake, don da Larabci nake amsa masa. Na murguɗa baki na ce, "Halas ya jaddi, ya isa haka Kaka, wa ke neman Hausa a Jidda?" Bai yi faɗa ba. Ya dai ci gaba da ninke darduma, kuma ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Sai da na girma na ji cewa masana ma sun tabbatar da zancensa, harsunan nan daga Indiya har Turai tushensu guda. A lokacin kuwa tsohon ya daɗe a ƙasa. Ni kuma na haifi 'yata, na rene ta da Larabci zalla, ina ganin gata na yi mata.

Da tsufa ya kama mahaifiyata a gidanmu na unguwar Waziriyya, Larabcin ya gudu daga kanta, Hausa kaɗai ta rage. Na koma tafinta tsakanin kaka da jika. Ranar da za ta rasu na fita karɓo mata magani da hantsi. Ta riƙe hannun 'yata, ta yi ta magana, ta daɗe tana yi.

Na dawo na tarar an rufe mata ido. Na tambayi yarinyar abin da ta ce. Tana kuka ta ce, "Wallahi Mama ban gane ba."

Yanzu ita ke bi na in koya mata. Ina koya mata ɗin, ni da tawa Hausar duk ta rarake. Amma wasiyya ce, ko addu'a, ko ruwa kawai uwata ta roƙa, har in mutu ba zan sani ba. Kuma ba laifin yarinyar ba ne.