Kujerar da Ta Kayar da Likita

A layinmu, in ana son tuna lokacin da wani abu ya faru, ba a cika cewa bara ko bana ba. Cewa ake yi "kafin faɗuwar likita" ko "bayan faɗuwar likita."

Wata Talata ce da hantsi. Likitan ƙaramin asibitin da ke bakin titi ya shiga ofis ya tarar an kawo sabuwar kujerar da ya sa a yi masa. Ya shafa ta, ya yaba, ya zauna. Kujera ta yi haƙuri da shi har ya sallami mutum biyu. Na uku, wani dattijo, yana tsakiyar bayanin ciwon bayansa sai ƙafar kujerar ta baya ta ce ƙaras. Likita ya ɓace a bayan tebur, ba abin da ake gani sai tafin takalmansa. Dattijon ne ya zagaya ya kama shi yana cewa, "Sannu likita. Ina ne ke maka ciwo?"

Likita bai ji rauni ba. Wanda ya ji raunin yana can ƙarshen layi cikin dusar katako, bai ma san an yi ba. Shi ne kafintan da ya yi kujerar, wanda kowa ke kira Zauna-Mu-Gani.

Shagona na kayan rubutu yana kallon nasa shekara goma sha tara ke nan, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Mutum ne mai jiki, irin jikin da in ya tsaya a ƙofar shago sai an kunna fitila a ciki. Ya koyi sana'ar a hannun kawunsa, ya ƙara mata abu ɗaya nasa na kansa. Duk kujerar da ya gama, kafin a shafa mata fenti, sai ya fito da ita bakin shago, ya gyara wando, ya ce, "Bari in zauna mu gani." Kuma ba zaman mutunci ba. Sakin jiki yake yi gaba ɗaya, ya jingina har ƙafafun gaba su bar ƙasa, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya kasa kunne kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. In ta yi ƙara ko kaɗan, ciki za ta koma a kwance ta. In ta yi shiru, sai ya miƙe ya ce wa mai ita, "Ta ɗauke ni. Kai kuwa hutu za ta yi a ƙarƙashinka."

Shekara ashirin da bakwai ba a taɓa dawo masa da kujera a karye ba. Ba shi da allo a saman shago, ba ya raba kati. Wannan maganar ita ce allonsa, ita ta sa yaransa huɗu a makaranta.

Ci kuwa, sau biyar yake yi a rana, ban da abin taɓawa. In tela maƙwabcinsa ya ce, "Haba, faranti na nawa ke nan?" sai ya amsa da cikakken baki, "Kai ba ka sa wa kekenka mai? Ni ma kayan aiki nake kula da su."

Gwiwoyinsa ne suka fara ƙin yarda da wannan bayani. Wata rana ya gwada wata 'yar gajeriyar kujerar falo. Kujera ta ci jarrabawa, shi kuwa ya kasa tashi. Sai da ni da tela muka kama shi hannu bibbiyu, matarsa kuma ta iso da abincin rana ta tarar da mu a haka. Ta ajiye kwanon, ta tsaya har ya ci, sannan ta ce, "Baban yara, sa takalminka."

Shi ya ba mu labarin asibitin da bakinsa. Sikeli ya nuna kilo ɗari da talatin da ɗaya. Likita, wanda shi ma sai ya karkace yake shiga tsakanin tebur da bango, ya ce, "Malam kafinta, gwiwoyin nan na mutum ɗaya ne, kai ka ɗora musu mutum ɗaya da rabi. Sukarin jininka ma yana bakin ƙofa yana sallama."

Kafinta ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Likita, naka gwiwoyin fa?"

"Ba ni ne a kan sikeli ba," in ji likita, ya tura aljihun teburinsa da ke ɗan buɗe, wanda ledar biskit ke leƙowa daga ciki.

Ya auna masa jini, ya saurari zuciya, ya yi tambayoyi, sannan ya rubuta masa maganin rage son abinci: ƙwaya ɗaya kowace safiya, wata uku kawai, ya riƙa dawowa duk mako biyu a duba shi. Ya haɗa masa da tafiyar ƙasa da ƙaramin faranti, ya kuma ja masa kunne kada ya ba kowa ko rabin ƙwaya.

Makon farko layi bai gane kansa ba. Mai abincin da ke kusurwa ta zuba masa kamar kullum, ya ci loma biyar ya ture. Ta biyo shi har shago tana tambaya me ta yi masa. A gida kuwa, matar da ta kai shi asibiti da ƙafarta ita ce ta fara zama a gefensa tana kallon kwano. "Na ce ka rage, ban ce ka raina girkina ba." Bakinsa ya riƙa bushewa, ya koma yawo da gorar ruwa a hammata. Rigunansa suka fara lilo a jikinsa. Sai gaisuwa ta sauya. Mutanen da shekara da shekaru suke ce masa ya rage jiki su ne suka riƙa tsayawa suna rage murya: "Lafiya kuwa? In wani abu ne ka faɗa, ai mun zama ɗaya." Wani har addu'a ya yi masa a tsaye.

Tela, da ya ga abin na yi, ya lallaɓo. "Ɗan sam mini ƙwaya biyu in kai wa maman yara."

"Ita ta ce tana so?"

"Ba ta sani ba tukuna."

"To je ka faɗa mata, in ka dawo da haƙoranka sai mu yi magana. Kuma ko ka dawo, likita za ku gani, ba ni ba."

Wata uku suka cika aka tsayar da maganin, amma tafiyar safe da ƙaramin faranti sun riga sun zauna masa. Cikin wata bakwai ya zubar da kilo goma sha tara. Ranar da ya ɗaure igiyar takalminsa da kansa sai da ya kira ni in gani. "Ashe babban yatsana na hagu a karkace yake," ya ce. "Shekara nawa ba wanda ya faɗa mini."

Likita ya ji daɗinsa ƙwarai, har yana ba da misali da shi. Don nuna jin daɗin ne ya sa shi ya yi masa kujerar ofis. Kafinta ya zaɓi katako mai kyau, ya goge, ya haɗa, ya fito da ita, ya gyara wandon da yanzu bel ke riƙe da shi, ya ce, "Bari in zauna mu gani." Ya jingina, ya karkata dama, ya karkata hagu. Shiru. Akwai wani ƙulli a ɓoye cikin ƙafar baya, wanda da tsohon jikinsa ne da tun zaman farko ya tona kansa. Sabon jikin bai kai ya sa shi magana ba. Duk muna wurin, kuma ba wanda ya kawo a ransa cewa ma'aunin da kansa ya rame.

Bayan faɗuwar, shago ya yi sanyi. Shugabar wata makaranta da ta yi maganar bencina talatin ta aiko cewa za ta sake tunani. Masu wucewa suka riƙa cewa hannunsa ya tafi tare da tumbinsa. Kwana uku na gan shi yana aika wa mai abinci a kawo faranti biyu, yana turawa da ƙyar kamar mai cika buhu. Rana ta huɗu ya ɗauki karyayyiyar ƙafar kujerar ya nufi asibiti, matarsa na biye da shi.

"Likita, yadda ka rubuta na ragewa, rubuta mini na mayarwa. Sunana ya fi gwiwa."

"Ba zan rubuta ba."

"To da me zan gwada kujera?"

Matar ce ta shiga. "Baban yara, kilo goma sha tara ka zubar, ba hankalinka ba. Nauyi ne kawai. Ba yashi a garin nan? A zuba a buhu ka riƙe a cinya."

Kafinta ya ce, "Goma sha tara ba za ta isa ba. Kujerar da za ta ɗauki likita, sai na san nawa ne likita." Suka juya su biyu suka dubi sikelin da ke kusurwa. Likita ya dubi agogo, ya ce akwai mutane a layi. Matar ta ce za su jira. Ya cire takalmi, ya cire farar riga, ya fitar da makullai da waya daga aljihu, har da biro, sannan ya hau. Ɗari da talatin da takwas. Kafinta ya miƙa hannu ya rufe masa aljihun teburin nan mai biskit a hankali.

Tela ne ya ɗinka buhun da yadi mai kauri, ya sa masa hannu biyu. Kilo ashirin da shida na yashi, daidai abin da likita ya fi kafinta nauyi. Da shi aka gwada sabuwar kujerar likita a bakin shago, rabin layi na kallo. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta koma ciki, aka ƙara mata ƙarfi, aka sake. Tana nan a ofis har yau. Bencinan makaranta ma an yi su, kowanne sai da buhu ya hau shi. Likita kuma yanzu akan gan shi da safe yana bin bayan kafinta a tafiyar ƙasa, yana haki, yana cewa iska ya fito sha.

Shekaranjiya kafinta ya fito da wata kujera, ya zauna, ya rungumi buhunsa ya jingina. Tela ya leƙo da almakashi a hannu.

"Zauna-Mu-Gani! Duk wahalar nan, ƙwaya da yawon safe, ashe tumbin dai za ka koma runguma kamar jariri?"

Kafinta bai ko buɗe ido ba, kunnensa na kan katako. Ya ce, "Ai ba rabuwa muka yi ba, wurin kwana muka raba. Da sau biyar nake ciyar da shi, ya bi ni gida, ya hau mini gado. Yanzu ko ruwa ba ya sha, aikinsa yake yi, ƙarfe shida in kulle shi a shago."