Ɗankwalin Inna Kulu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai wata Juma'a da ba ta taɓa fita raina ba, kuma ku da kuke fara aiki yanzu nake so ku ji labarinta. Lokacin Yawuri tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina ɗaliba a shekara ta biyu, aka turo mu wani asibiti a Yelwa koyon aiki. Tsarin shi ne a haɗa kowace ɗaliba da Sista guda, ita ke ba ta aiki, ita ke sa hannu a littafinta. Tawa Sista Asabe ce, mai kula da ɗakin mata. Ni kuwa in aka tambaye ni abu, na san shafin da yake, amma muryata ba ta wuce bakin gado.

Majinyaciyar da aka ba ni ita ce Inna Kulu, mai bandar kifi daga Wara. Wata rana tana wanka ta ji ƙullutu a nononta na hagu, mai tauri, ba ya zafi. Rashin zafin nan ne ke yaudarar mata da yawa su zauna a gida. Ita ba ta zauna ba. Aka tura ta Sakkwato, aka yanki ɗan nama aka gwada, aka ce ciwon daji ne amma bai yi nisa ba. Aka cire nonon tare da kaluluwar hammata, aka dawo da ita wurinmu don wankin ciwo kafin ta koma a ci gaba da magani.

Ga wanda bai sani ba, bayan irin wannan aiki ana kauce wa allura da awon jini a hannun wannan gefen, don gudun kumburi. Kuma da zarar likita ya ba da izini, dole mace ta riƙa motsa hannun kullum. In ba ta yi ba kafaɗa sai ta riƙe, wani lokaci har abada. Ga Inna Kulu, wannan na nufin ba za ta ƙara kai hannu saman ragar banda ba, kuma da bandar take ci da gidanta.

Motsin da littafi ya koya mana shi ne mace ta fuskanci bango, ta riƙa tafiya da yatsunta sama a hankali. Na sami alli da ma'auni, don in ja layi a bango daidai inda hannunta zai tsaya ranar farko. Sannan na tattaro ƙarfin hali na je.

"Inna, don Allah, ko za ki ɗan hau bango da yatsu?"

Ta dube ni tun daga takalmi har hula. "Ɗiyata, ni ƙadangaruwa ce? An ɗauke min nono ban yi gardama ba. Yanzu kuma hankalina kuka biyo?"

Duk ɗakin aka yi dariya, na koma teburi. Gaskiyar magana tsoro take ji kada ciwon ya buɗe, ko da yake an cire zare kuma ya haɗe sarai. Kullum hannun na manne a ƙirjinta kamar mai ɓoye ɗan tsako. Kwana tara ina zuwa ina roƙo, ina komawa ina rubuta "Ta ƙi", da kwanan wata da lokaci. Sista Asabe ta karanta ta ce, "Hauwa'u, littafinki ya fi na kowa tsabta, hannu kuma yana nan inda yake. Likita ya ce in aka ƙara mako haka, kafaɗar za ta fara riƙewa."

Ranar Juma'a da hantsi aka aiko cewa abokan sana'arta sun taso daga Wara za su zo dubiya. Ɗiyarta mai ɗaura mata ɗankwali ta tafi kasuwa. Inna Kulu ta zaro wani sabon ɗankwali daga ƙarƙashin matashi ta miƙo min da hannun dama.

"Zo nan, 'yar boko. Ɗaura min, kada su iske ni kamar wadda aka tsamo daga ruwa."

Ni a makarantar kwana na tashi, ban taɓa ɗaura wa wani ɗankwali ba. Kunya kuma ta hana ni faɗa. Amma akwai naɗi ɗaya da na ci jarrabawarsa da kyau, wato naɗin bandeji ga wanda ya fashe kai. Shi na yi mata. Na fara daga goshi, na zagaya ƙeya, na rufe kunnuwa biyu, na bi layi-layi babu inda ya karkace, na kama ƙarshen da fil.

Can tsohuwar da ke gadon kusa ta ɗago ta ce, "Allah shi sawwaƙe, Kulu. Ashe har kan aka yi wa aiki?"

Inna Kulu ta ce a ba ta madubi. Tana dubawa, sai ga sallamar matan Wara a baranda.

"Mi ne ne wanga?" ta ce. "Ɗiyata, mi na yi miki?"

Kafin in buɗe baki, hannayenta biyu sun kai ka. Ta fizge fil, ta warware naɗin, ta karkaɗe ɗankwalin, ta ɗaura abinta har da sakin bakin ɗankwalin a gefe don ado, tana yi tana cije leɓe. Sai da ta gama ta tsaya, hannun hagu na bisa kanta. Ta sauke shi a hankali, ta leƙa cikin rigarta, ta ce da ƙaramar murya, "Bai buɗe ba."

Ni kuma, maimakon in yi mata barka, sai na ruga neman ma'auni. A bakin ƙofa na yi karo da Sista Asabe, wadda ta ga komai. Ta riƙe ni ta ce, "Daga yau ke za ki riƙa ɗaura mata, safe da yamma. Kuma kada ki kuskura ki koya."

Haka aka yi. Inna Kulu ta gane dabarar tun rana ta biyu, amma ba ta iya jure ganin kanta haka. Kullum sai ta yi min tas, ta kwance, ta ɗaura. Da tsoron ya sake ta, ita da kanta ta riƙa zuwa bango. Ta koma Sakkwato ta ƙarasa maganinta, ta koma bandarta, kuma a shekarun da suka biyo mata da dama sun zo mana daga bakin ruwa suna cewa Kulu ce ta ce su zo a duba su tun abin yana ƙarami.

Tun daga lokacin, kafin in ce wa majinyaciya ta motsa hannu, sai na fara tambayarta abin da take marmarin yi da shi. Wata ta ce kitson jikarta. Wata ta ce shanya. Wata kuma ta ce so take ta iya nuna maigidanta da yatsa daga nesa in ya yi laifi. Da wannan ma muka yi aiki, kuma ita ta riga kowa warkewa.