Keken Gwiwar Malam Haladu da Kazar Ɗori

A Dagumawa, can ƙasar Wudil, in ka ce Malam Haladu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Haladu Ƙafa, ko makaho zai nuna maka gidan. Mutum ne dogo, siriri, mai faɗin sawu, wanda bai yarda da mota ba sai dole ta kama. Da damina manomi ne. Da rani kuwa igiya yake tufkawa, ran Juma'a ya saɓa ta a kafaɗa ya taka har Kara, kasuwar shanun Wudil, ya sayar wa Fulani da dillalai. Direbobi sun gaji da tsaya masa a hanya. In sun ce ya hau, sai ya ɗaga hannu ya ce su je, ya gode, tasa motar ba ta shan mai.

Abu guda ne a duniya ba ya haɗa shi da kowa, shi ne shukar fari a gonar da ya gada. Noma da girbi yakan kira gayya, ko ya sa 'yan ƙwadago. Amma ranar da ruwan shuka ya sauka, shi zai sara rami da sungumi, shi zai zuba irin gero, shi zai rufe da diddigensa. Cewa yake ɗan ƙwadago shafa ƙasa kawai yake yi ya wuce, kurciya ta biyo bayansa ta yi kalaci. Rufe iri kuwa sai an ja ƙasa da gefen sawu, sannan a danna da diddige, dannawar da ba ta yi yawa ba kuma ba ta gaza ba. Haka ubansa ya koya masa, kuma tun da ya mallaki gonar wata ƙafa ba ta taɓa rufe masa iri ba.

To, shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ranar miƙawar ma, maza sun taru a gindin darbejiya sun kewaye rediyo. Haladu ya ce shi dai ko wa ya hau ba zai gyara masa jinkar rumbu ba, ga damina ta ƙarato. Ya jingina tsani ya hau. Gyara ya yi kyau, ba laifi. Wajen saukowa ne matakin tsani ya ɓalle, ya faɗo da dukkan nauyinsa a kan ƙafar hagu, idon sawu ya ce ƙaras.

Matarsa Indo ce ta fara isowa, tana salati. Shi kuwa yana kwance cikin ƙaiƙayi, gumi na keto masa, bai fasa halinsa ba.

"Indo, kin ga ikon Allah," in ji shi. "Soja ma ya sauka lafiya, ni na kasa."

Aka ɗauko Labaran mai ɗori daga Utai, tsoho ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Ya shafa, ya ja, ya mayar da ƙashi mazauninsa, Haladu ya kira sunan uwarsa da ta daɗe a ƙasa. Labaran ya jera karare ya naɗe da tsumma. Sannan ya ce a kawo kaza. Al'adar gidansu ce: sai ya karya ƙafar kaza, ɓangaren da mai jinya ya karye, ya ɗora ta ita ma. Indo ta kamo wata jar kaza mai ƙiba, aka yi mata abin da za a yi a ƙafar hagu.

"Malam Haladu, na san ka, shi ya sa zan faɗa a gaban iyalinka," in ji Labaran. "Ranar da kazar nan ta taka ƙafarta, kai ma ka taka. In ka riga ta, ɗingishi har kabari, kuma kada a zo nemana."

Haladu ya dubi gabas. Sama fes take, amma iska ta fara sauyawa, kowa ya san ruwa bai yi nisa ba. Tun daga ranar nan lissafinsa ɗaya ne, tsakanin kaza da hadari wa zai riga.

Zama ya zame masa azaba. Mutumin da bai taɓa wuni a gida ba, ga shi a tabarma kamar buhun dawa, buta ma sai an miƙo masa. Ya gwada sanda, hammata ta yi tsami. Ya yi faɗa da kuda, ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da miyar kuka. Indo dai ba ta tanka masa, sai ta ce, "Allah Ya huci zuciyar Malam," ta ci gaba da tankaɗenta.

Mijin 'yarsu Safiyya, Bilya, mai walda ne a bakin gadar Wudil. Da Safiyya ta kai masa labarin halin da ake ciki, ya ce akwai dabara, amma sai an auno masa tsawon ƙafar Baba daga gwiwa zuwa ƙasa. Nan fa ake yin ta, don Bilya ko ido ba ya haɗawa da surukinsa, balle ya kama masa ƙafa. Indo ce ta raba gardama. Ta samo karan dawa, ta gwada a ƙafar mijinta, ta karya daidai gwiwa, ta ba Safiyya ta kai.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Bilya da wani abu a bayan a-kori-kura. Gaba tayar baro ce, baya ƙananan tayoyi biyu na keken yara, a tsakiya tsohon sirdin babur an kwantar da shi daidai tsawon karan nan, ga kan keke har da birki. Ya sauke a zaure, ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa.

"Baba, gwiwar mai ciwon za a ɗora a nan, ƙafar ta tafi baya ba ta taɓa ƙasa. Sai a riƙa turawa da mai lafiyar."

Haladu ya daɗe yana harar abin. "Yanzu ni, Bilya, da na ƙi motar mutane, ni za a ɗora a kan baro?"

"Ai ita ma ba ta shan mai, Baba," in ji Bilya, murya ƙasa-ƙasa.

Dariya ta ƙwace wa tsohon, ya ce a matso masa da ita. Ranar farko ya ci karo da turmi. Rana ta biyu ya gano cewa in zai juya sai ya ɗan ɗaga gaban, kuma in ya kwanta da ƙirji a kan hannun keken, bayansa ne zai biya. Indo ta ninka tsohon zani ta shimfiɗa a sirdin saboda gwiwa ta fara saɓulewa. Kafin mako ya zagayo Haladu ya koma masallaci, ana jin ƙiiƙii ɗin tayarsa tun daga lungu, ya jingine keken a bakin ƙofa ya yi sallarsa a zaune. Mutanen gari suka sa wa abin suna keken gwiwa. Har bakin gona yakan je da yamma, ya tsaya yana duban takin da ya zuba tun rani, ya dawo gida.

Kowace safiya kuwa, kafin koko, sai ya ce, "Indo, ina mutuniyar?" Indo ta je akurki ta ɗauko jar kaza, ta dire ta a gabansa. Kaza ta yi tsalle ɗaya da ƙafar dama, ta hagu a naɗe a ƙanƙame, ta kife. Haladu ya yi tsaki.

"Wannan kaza raguwa ce. Da baƙar kika kamo, da tuni an wuce wurin."

"Haƙuri dai, Malam. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ta hana shuka ai."

Ran nan bayan la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba yayyafin yaudara ba, ruwan shuka sosai, wanda in ka tona ƙasa da hannu sai ka kai wuyan hannu ba ka tarar da busasshiya ba. Gari ya ɗauki murna. Haladu ya zauna a bakin ɗaki yana shaƙar ƙanshin ƙasa, zuciyarsa kamar ta fashe don baƙin ciki. Tuwon ma kaɗan ya taɓa.

Da gari ya waye maƙwabta suka yi ta wucewa da sungumi a kafaɗa, suna yi masa sannu ta kan katanga. Indo ta fita kai niƙa. Haladu ya ga ba kowa, ya hau kekensa ya gangara bayan ɗaki wajen akurki, inda bai taɓa zuwa ba tun da ya karye. Ya zura hannu ya jawo kazar, yana so ya gani da idonsa me ya hana ta warkewa. Da ya ɗaga tsumman sai ya ga zare. An lanƙwashe ƙafar an ɗaure ta da cinya, ɗauri mai laushi yadda ba zai ji mata ciwo ba, amma ko lafiyayyar kaza aka yi wa haka ba za ta taka ba. Ya warware. Kaza ta dire da ƙafa biyu, ta girgije, ta ruga tsakar gida a guje har da tona.

"Lallai Indo!" Abin da ya iya faɗa ke nan. Ransa ya ɓaci, sai kuma murna ta danne ɓacin ran, don ga kaza ta taka, sharaɗin Labaran ya cika, ga rana ba ta yi nisa ba. Ya dafa katanga, ya sauke gwiwa daga sirdi, ya yi bismilla, ya aza sawun hagu a ƙasa ya sakar masa nauyi.

Wani zafi ya soke shi tun daga idon sawu har ƙwaƙwalwa. Duhu ya rufe masa ido. Ba don katangar ba da ya sake faɗuwa. Ya daɗe a jingine yana haki, kuma a nan ya fahimci abin da Indo ta riga shi sani: ita ce ke shafa masa man shanu a ƙafar safe da yamma, ta ga kumburin bai saɓe ba, ta kuma san ƙashin kaza ba ƙashin dattijo ba ne. Ta san ba zai ji maganarta ba, amma zai ji ta kaza. Kunya ta kama shi, da tausayin matar nan da ta yi ta shan faɗansa ita kaɗai.

Sai ya ga bai kamata ta san ya gane ba. Ya ɗebo tsaki ya watsa, ya yi ta kiran kaza, ya bi ta da keke daga gindin turmi zuwa bayan randa, da ƙyar ya cafke ta. Ya mayar da zare da tsumma cikin sauri, ya tura ta akurki, ya komo tabarma ya zauna kamar bai motsa ba.

Indo ta dawo, ta sauke gari. Ya gyara murya ya ce, "Ina mutuniyar?" Ta je ta ɗauko, ta dire ta. Kaza ta yi tsalle ta kife. Indo ta dubi kaza, ta dubi mijinta, ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta manne a tsumman sawunsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Malam, ciwon kazar nan ya tashi daga hagu ya koma dama."

Haladu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na gwada, Indo. Ba ta ɗauke ni ba. Bana gonar Baba za ta sha ruwan fari ba iri a cikinta. Wallahi abin nan ya fi karayar yi mini ciwo."

Ba ta ba shi haƙuri ba a wannan karon. Ta kwance kazar ta sake ta, ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙon iri, ta yafa mayafi, ta ɗauko sungumi ta miƙa masa.

"Hannunka dai lafiya yake ko? Tashi mu je, rana na yi."

Ƙasar gonar jigawa ce, da ta sha ruwa sai ta ɗaure, tayar baro ta hau ta ba ta nutse ba. Haladu ya riƙe kan keke da hagu, sungumi a dama. Ya tura, ya sara, ya tura, ya sara. Layin bai miƙe kamar na kullum ba, kuma tafiyar ta yi nawa, amma ramuka suna fita. Indo na biye da shi, tana zuba iri tana rufewa. Maƙwabtan gona suka dakata suna kallo, wani ya ɗaga murya ya ce Allah Ya ba da yabanya, suka amsa da amin.

Bai waiwaya ba sai da suka kai ƙarshen layi, don yana tsoron abin da zai gani. Sannan ya juya keken, ya komo kan ramin ƙarshe, ya sunkuya ya tura yatsa. An ja ƙasar daga gefe, an danna ta daidai, ba ta yi tauri ba kuma kurciya ba za ta samu komai ba. Ya gwada na bayansa, ya gwada na bayan wancan, duk haka suke.

"Indo, wa ya koya miki rufe iri?"

Ta gyara riƙon ƙoƙon a ƙugunta. "Tun ina amarya nake kawo maka fura gonar nan, in zauna a gindin kukar can sai ka kai ƙarshen layi. Kana zaton tsuntsaye nake kallo? Ƙafarka nake kallo, Malam."

Haladu ya sake duban ramin. Ya goge ido da hannun riga, ya ɗaga gaban keken ya juya shi, ya sara ramin farko na layi na biyu.