Fom Ɗin da Ba Shi da Gurbin Suna

Har in koma ga Ubangiji ba zan manta da wata Talata cikin damina ba, lokacin ina nas a ɗakin shan magani na wani gidan tsare mutane a Kaduna ta kudu. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Ƙa'idar aikinmu a da ita ce, duk wanda za a fitar don yi masa tambayoyi sai na duba jikinsa, in an dawo da shi in sake dubawa. A littafi nake rubuta abin da na gani, da sunan jami'in da ya tafi da shi. In rauni sabo ne, dole a kai mutum babban asibiti a ranar. In tsoho ne, magani kawai zan ba shi.

Sai aka fara maganar za a binciki yadda ake yi wa waɗanda aka kamo a wuraren rikici tambayoyi, har ana cewa wasu za su amsa laifin yaƙi. Ba a yi wata guda ba aka aiko mana sabon fom daga sama. Babu gurbin sunan jami'i. Wajen rauni kuwa akwati biyu ne kacal, "lafiya" da "tsohon rauni". Sunana kaɗai zai fito a ƙasa. Kun ji wayo!

Ranar Talatar aka dawo da Dauda, wani mai walda daga Kudenda. Da safe na duba shi garau. Da azahar kafaɗunsa biyu sun goce, igiya ta ci wuyan hannuwansa, yatsunsa sun yi sanyi. Ya ce, "Sista, ba na jin hannuna."

Mataimakin shugaban gidan ya shigo da kansa. Ya ce, "Madam Rifkatu, sa alama a tsohon rauni."

Na ce, "Oga, tsoho tun yaushe? Tun ƙarfe tara na safe?"

Ya ce umarni ne daga sama, kuma an yi shi ne don kare ma'aikata.

Raina ya ɓaci wallahi. Na ce, "Waɗanne ma'aikata? Ni ba ma'aikaciya ba ce? In na sa alamar nan mutumin nan ba zai ga likita ba, hannuwansa su mutu da sa hannuna."

Na juya fom ɗin, na rubuta a bayansa da biro: lokacin fita, lokacin dawowa, raunukan, da sunayen jami'ai biyun da suka tafi da shi. Na sa hannu, na buga hatimi. Ya yaga. Na ɗauki wani na sake rubutawa. Na ce masa kabad cike yake da fom ɗin, kuma ni yau ba ni da wani aiki.

Kwana biyu muna wannan ja-in-ja kafin a ba da motar kai shi babban asibiti. Likita ya ceto hannun dama. Na hagu ya shanye. Ni kuma aka tura ni wani ƙaramin asibiti bayan Kamazou, ban sake ganin ƙarin girma ba har na yi ritaya. Ban yi nadama ba ko ta minti ɗaya.

Abin da na koya shi ne, manya ba sa cewa ka yi ƙarya, takarda suke kawo maka wadda babu inda za ka rubuta gaskiya. Ku riƙa karanta fom kafin ku cike shi. Dauda na nan a unguwar Nasarawa, yana walda da hannu ɗaya, matarsa ke riƙe masa ƙarfen.